Sunan Ɗan Fari

Duk Garhanga an san Sabuwa da baki. Idan ta tsaya a bakin rijiya ta ƙwala wa jikarta kira, har awakin unguwa sai sun ɗaga kai. Ba ta raga wa kowa: mai tallan kifi, surukinta, har maigari ranar da ya ratsa gonarta da babur ya take mata wake. Amma akwai suna ɗaya da bakin nan bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, sunan ɗanta na fari, Safiyanu.

Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce, irin wadda ta tarar iyayenta na yi. Mace ba ta kiran ɗan farinta da suna, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi uwar mijinta, Iya, ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta, katanga ɗaya tsakaninsu. Matan yanzu sun saki wannan, sai ka ga yarinya ta rungume ɗan farinta tana yi masa rawa a tsakiyar kasuwar Tamaske ko a jikinta. Sabuwa kam ta riƙe nata gam. Iya ta rasu, mijinta Barmo ya bi bayanta, yaron ya yi gemu ya tafi biɗa, amma har yau a bakin Sabuwa "yaron gidan Iya" ne.

Biɗar tasa ta yi nisa. Samarin nan ƙasar Adar ba baƙin tafiya ba ne, kowa da inda ƙafarsa ta kai shi. Safiyanu ya yi Abija ta bakin teku, ya yi Libiya, daga nan wata hanya mai wuyar labari ta kai shi Amurka, wani gari mai sanyi inda shi da Issa, ɗan maƙwabtansu, suke aiki a wata babbar mayankar kaji. Iyakar abin da Sabuwa ta sani game da Amurka ke nan: ana cin kaji ba ƙaƙƙautawa, kuma idan nan la'asar ce, can hantsi ne. Bai yi aure ba, yana cewa sai ya dawo. Kowace Juma'a yakan kira wayar ƙanwarsa Hamdiya, wadda ke aure a gabashin gari, ita kuma ta kawo gaisuwa gida.

Wata Juma'a ta kaka, ana tsaka da ɗora damman gero a rumbu, bai kira ba. Sabuwa ba ta tambaya ba, don ba ta da bakin tambaya, amma ranar ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Washegari da la'asar sai ga Hamdiya ta faɗo gidan ko gyale babu, waya a hannu, muryar Issa na fitowa daga ciki.

"Inna, ki yi haƙuri da abin da za ni hwaɗa miki. Mota ta kaɗe Safiyanu bisa hanyar aiki, shina bisa keke. Shina da rai, wallahi shina da rai, sai dai bai san wanda ke bisa kainai ba."

Sabuwa ta sauke damin da ke kanta a hankali, ta jingine shi da rumbu, ta gyara masa zama kamar wani zai tambaye ta. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai lahiyarka lau, Issa? Kana samun abinci?"

Issa ya san abin da take tambaya, ya ba ta amsarsa. An yi wa Safiyanu aiki a kai tun ranar da aka kai shi, amma ruwa ya sake taruwa, sai an sake wani aikin, kuma duk ranar da ta wuce ba a yi ba tana rage masa wani abu. Wannan aikin na biyu, dokar can ta ce sai wani nasa ya yarda, kuma idan uwa na da rai ita ce a gaba. Sai dai akwai cikas. Safiyanu ba shi da takardun zama, da katin wani mutum mai suna Abdulaziz yake aiki, kuma katin ne aka tarar a aljihunsa. Issa ya ce musu ba sunansa ba ne. Yanzu asibiti na da mutum ɗaya da suna biyu, ba su yarda da kowa ba. Suna son su ga uwarsa a waya, ido da ido, ta faɗi ko wane ne, ta ce ta yarda.

"Wannan ai mai sauƙi na," in ji Hamdiya, tana share hawaye. Ba ta dubi uwarta ba lokacin da ta faɗa.

Labari irin wannan ba ya zama a gida ɗaya. Ranar da za a yi kiran, tun kafin la'asar tsakar gidan ya cika: maƙwabta, matan dangi, da Yaƙubu ƙanin Barmo, wanda ya zo da kujerarsa ya zauna a gaba kamar shi aka kira. Hamdiya ta ɗora wayar a kan dutsen gindin rumbu, don nan ne kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke tsayawa. Aka shimfiɗa wa Sabuwa tabarma a gabanta.

Fuskar wani Bature mai tabarau ta bayyana, Issa a gefensa ya takure kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Akwai kuma tafinta da asibitin ya ɗauko, ba a ganinsa, murya ce kawai mai Hausar birni. Likitan ya yi gaisuwa a gajarce, ya yi tambayarsa, tafinta ya juya.

"Mama, likita ya ce ki faɗi sunan ɗanki."

Sabuwa ta ji idon kowa a bayan wuyanta, har da na ƙanin mijinta.

"Yaron gidan Iya na," ta ce.

"Sunansa ake so, Mama. Sunan yanka."

"Hamdiya, hwaɗa mishi."

Likitan ya girgiza kai. Ba 'yar'uwa yake tambaya ba, uwa yake tambaya. Ya sake, ya kuma sakewa da haƙuri, don ba mugun mutum ba ne. Da ya ga shiru ya yi yawa, sai ya ɗauki wayar ya juya ta wajen gado, wai ko ganin ɗan zai buɗe mata baki. Sabuwa ta hango farin ƙyalle naɗe da kai, da robobi a hanci da baki, da wata baƙar mata mai shuɗin kaya tana gyara wani abu a gefen gadon. Kafin ta san abin da take yi, hannunta ya ja gyale ya rufe fuska, wuyanta ya juya wajen katanga, yadda ya saba juyawa tun tana amarya.

To, me likitan ya gani? Ya ga tsohuwar da ba ta san sunan majinyaci ba, ba ta son kallonsa, ko hawaye ba ta yi ba. Tafinta ya san dawar garin sarai, amma aikinsa ya juya abin da aka faɗa, shiru kuma ba a ba shi izinin juya shi ba. Issa ya yi ta maza ya shiga bayani, sai dai Turancinsa na mayanka ne: yi sauri, kawo wuƙa, tsaya, sai gobe. Likitan ya saurare shi kaɗan, ya dafa masa kafaɗa, ya ce za a miƙa maganar ga waɗanda ke yanke hukunci kan marasa dangi, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Wayar ta yi duhu.

"Inna!" Hamdiya ta fashe. "Suna ɗai! Kalma guda! Ƙaƙa za ki bar shi shi mutu don kalma guda?"

Yaƙubu ya yi gyaran murya ya ce ai wannan kunyar ba ta cikin addini, ko liman aka tambaya haka zai ce. Matan suka yi ta ba da baki, kowace da nata. Sabuwa, wadda ba a taɓa cin ta da magana ba a garin nan, ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Ta san duk abin da suka faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi zafi.

Da sassafe ta ɗauki ƙwarya ta nufi gonar wake ta bayan dutse, inda ba mai ji sai tsuntsaye. Ta tsaya a tsakiyar kunyoyin wake, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce wa kanta yau sai ta faɗa. Ta buɗe baki. Harshen ya tashi ya taɓa haƙora, iska ta fito, sunan bai biyo ba. Ta sake, ta yi bisimilla ta sake. Abin da aka ɗaure shekara da shekaru ba ya kwancewa don an matsu, maƙogwaron ya ƙi kamar ba nata ba. Ta zauna a ƙasa cikin raɓa ta yi kukan da ba ta yi ba jiya. Tsoro ya kama ta, tsoron cewa ita da ta haife shi, ita za ta kashe shi da ladabi. Ta tsani bakinta, ta tsani kanta, ta koma gida da ƙwarya ba ko ƙwayar wake a ciki.

Da la'asar ta yi, Hamdiya ta dawo, idanunta a kumbure, ta miƙa wayar ba tare da gaisuwa ba. Issa ne, amma yau a cikin mota yake, mota mai kyau, kuma ba shi ke tuƙi ba.

"Inna, akwai wata mata nan da ke son magana da ke. Anfarmiye ta, ma'aikaciyar jinya, ita ka kula da ɗakin da shike kwance. Sunanta Nyambura, 'yar Kenya ta."

"Kenya kuma ina na? Gaba da Abija?"

"A'a, Inna, can gabas, nesa ƙwarai."

Ya juya wayar. Sabuwa ta gane ta nan take: matar nan ce mai shuɗin kaya ta gefen gado, wadda ta ɗauka mai shara ce. Dattijuwa ce, baƙa, mai wushirya, da furfura kaɗan a goshi. Ganin fatar jikinta irin tata, Sabuwa ta saki jiki ta jero mata gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina sanyi. Matar ta dafa ƙirji tana murmushi tana gyaɗa kai, ba ta amsa ko ɗaya ba.

"Issa, kurma ta?"

"Ba ta jin Hausa, Inna."

"Baƙa wuluk awa ni, ba ta jin Hausa? Kuma motar wa ta ara?"

Issa ya yi dariyar da bai yi ba tun ranar hatsarin. "Tata ta. Yau ranar hutunta ta, tat taho har ƙohwar mayanka tad ɗauke ni. Inna, mu duka baƙi muke ƙasar ga, amma ba zamanmu guda ba. Su 'yan Kenya tun gida da Turancin nan sunka yi lakkwal, karatun boko. Da dipilom sunka zaka, ta ƙohwa sunka shigo. Cikin asibitin ga ko'ina ka juya su na. Wagga tana da gida nata na kanta, ɗiyanta na jami'a. Mu da 'yan Gwatemala da 'yan ƙasar Bama muna can cikin sanyi muna hiɗar kaji, mun cunkushe ɗaki guda, in ka yi hwashin aiki don jinya a sa wani gurbinka. In ɗan sanda ya wuce, ita gaishe shi takai, ni ko sai in biɗi lungu."

Sabuwa ta sake duban matar. Ita a tunaninta duk wanda ya tsallaka ruwa ya isa can, to ya isa, kowa da kajinsa. Ashe can ma akwai mai zama a kujera da mai tsayuwa a bakin ƙofa, kuma ɗanta a bakin ƙofa yake duk shekarun nan bai taɓa faɗa ba.

Nyambura ta tsayar da motar a gefen hanya ta fara magana. A hankali take yi, tana tauna wa Issa Turancin tana haɗawa da hannu, irin ta wadda ta saba da baƙi. Issa na tsinta yana juyawa.

"Ta ce garinsu ƙauye na, bisa tudu, inda aka noman shayi. Ta ce wanta, ɗan hwarin uwarsu, sunan kakansu na wajen uba anka sa mishi. To, can wurinsu mace ba ta hwaɗin sunan uban mijinta. Ta ce har uwarsu tab bar duniya ba ta taɓa kiran yaron da suna ba, sai dai ta ce Baba." Issa ya tsaya ya saurara. "Ta ce jiya da kinka ja gyale kinka juya wuya, wuyan uwarta tag gani."

Matar ta matso da fuskarta kusa da wayar ta faɗi wani abu gajere, tana nuna Sabuwa da yatsa.

"Ta ce ita ta tabbata ke ta uwarshi. Ta ce da wata ta anka ɗauko haya, da tun tambayar hwarko ta hwaɗi sunan."

Sabuwa ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Tun jiya mutanen da suka san ta tun tana budurwa suke yi mata faɗa, sai ga wata daga ƙarshen duniya, wadda ko sannu ba ta iya ba, ita ce ta gane. Ta sa bakin gyale ta goge ido, ba ta ɓoye ba.

Sauran bayanin Issa ya ƙarasa shi. Nyambura ta daɗe a ɗakin nan, ita ke koya wa sababbin ma'aikata aiki, likitoci na jin maganarta. Tun da safe ta sami mai tabarau a ofishinsa ta warware masa al'adar, ta ce ta tsaya shaida da sunanta da aikinta. Ya yarda a bar maganar suna. A maimakonsa uwar ta faɗi alamomin da ke jikin ɗan, waɗanda ke ƙarƙashin mayafi, ba a ganinsu a hoto, su kuma su duba.

"Abin da nic ce mishi jiya, shi tac ce mishi yau," in ji Issa. "Ni ya dahwa min kahwaɗa, ita ya jawo mata kujera." Bai faɗa da ƙyashi ba, amma an ji ɗacin a muryarsa.

Nyambura ta tambaye shi me ya ce, ya gaya mata. Ba ta musa ba. Ta ce haka ne, kuma ba daidai ba ne. Ita ma da ta zo tsofaffi ta yi ta yi wa wanka a gidajen jinya, aiki biyu a rana, amma tana da takarda a jaka da harshe a baki, kowace shekara tana hawa mataki. Wanda ya zo babu waɗannan, ko ya fi ta ƙwazo, inda ya fara nan yake tsufa. Ta ce tunda Allah ya sa ana jawo mata kujera, to bari ta zauna a kanta ta yi magana.

Washegari Sabuwa ta yi abin da ya dawo mata da sunanta a unguwa: ta kori kowa. Matan da suka fara taruwa ta ce musu ba biki ake ba. Yaƙubu ya zo da kujerarsa, ta ce ya kai ta ƙofar gida, iska ta fi kyau a can. Daga ita sai Hamdiya a gindin rumbu.

Likitan ya bayyana, Nyambura na tsaye a kan gadon, hannunta a bakin mayafi. Sabuwa ba ta kalli wayar ba. Ta kafa ido a ƙasa, ta ɗauki wani tsinke tana zane da shi, ta fara da murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin ɗan wasu.

"Yaron, bisa cinyar hagu akwai ƙuna. Kunu na yaz zube mishi shina rarrahe. Ta yi kama da ganyen wake."

Tafinta ya juya. Nyambura ta ɗaga mayafi, ta dubi likita, ta gyaɗa kai.

"Ƙaramin yatsan ƙahwar dama a karkace shike, dutse ya hwaɗa mai wurin aikin tare ruwa. Bayan kunnen hagu akwai tawadar Allah, in ba a ɗaga kunnen ba, ba a ganinta."

Suka duba ƙafa. Kunnen na ƙarƙashin naɗi, Nyambura ta sa yatsa a hankali ta ɗaga gefen ƙyallen, ta leƙa, ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Likitan ya ce ya isa haka, ya gamsu. Tafinta ya faɗa, ya sake faɗa. Sabuwa ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi. Bakin da ya ƙi buɗewa a gonar wake yau ya ƙi rufuwa. Ta faɗi sakiyar da aka yi masa a ƙasan haƙarƙari shekarar da ya yi ciwon ciki. Ta faɗi haƙorin da ya gutsure a can ciki. Ta faɗi yadda gashin ƙeyarsa ke juyawa hagu ba dama ba.

"Kuma ga baya, ƙasan kahwaɗar dama, akwai tabo dogo. Ya saci jakin Yaƙubu ya hau, jakin ya kada shi bisa bakin garma. Ya ɓoye don tsoron duka, har ya warke da kainai, shi ya sa bakin tabon bai haɗu daidai ba."

Hamdiya ta saki baki tana kallon uwarta kamar yau ta fara ganinta. A can, sai da aka kira wani ya taimaka aka ɗan juya majinyacin. Nyambura ta duba bayan, ta daɗe tana dubawa, da ta ɗago fuskarta sharkaf take da hawaye. Likitan ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Ya yi bayanin aikin da hatsarinsa, dalla-dalla, sannan ya tambaya, cikin girmamawar da babu ita a ranar farko, ko uwar majinyaci ta yarda.

"Na yarda," in ji Sabuwa. "Allah shi ba hannunku sa'a."

Aka yi aikin a ranar. Daga nan sai jira, kuma jira a kaka ya fi sauƙi don hannu ba ya rasa abin yi. Aka gama ɗora gero, aka shiga roron wake. Kullum la'asar saƙo na zuwa daga Issa: yau zazzaɓi ya sauka, yau an cire roba ɗaya, yau ya motsa yatsa. Issa ba ya iya barin aiki, don haka Nyambura ce idonsu. Matan cocinsu, 'yan Kenya 'yan'uwanta, suka riƙa karɓa-karɓa wajen kai shi asibiti ranar hutunsa, har da abinci a kwano. Wani ɗan garinsu lauya ya shiga maganar sunan biyu, ya gyara ta ba tare da an kira 'yan sanda ba. Issa ya ce shi da ya yi shekaru a garin bai san akwai ƙofofin nan ba, balle ya ƙwanƙwasa.

Sabuwa ta rasa inda za ta sa godiya. Ta aika garin Madawa a saƙa mata tabarma mai launi, ta ware wake mafi kyau, ta daka gabu na ganyen albasa, duk ta ɗaure ta ajiye sai an sami mai tafiya, ko da Hamdiya ta ce ba a barin wake ya shiga jirgi. Ta tare liman a hanya ta tambaye shi ko ya halatta a yi wa wadda ba Musulma ba addu'ar alheri. Kafin ya gama gyara rawani ya kawo bayani, ta ce masa ai ta riga ta fara, tana dai sanar da shi ne.

Ranar da aka rufe bakin rumbu da laka, Hamdiya ta shigo da waya ta ce 'yar Kenya ce, kuma Inna take nema. Sabuwa ta wanke hannu ta karɓi wayar da hannu biyu. Ga Nyambura da shuɗin kayanta, Issa a bayanta. Sabuwa ba ta bari ta yi magana ba.

"Issa, hwaɗa mata, kuma kak ka rage komi. Allah shi jiƙan uwar da ta haihe ta. Allah shi sa ɗiyanta su yi mata abin da tay yi min. Yadda tas suturta ni gaban Bature, Allah shi suturta ta duniya da lahira. Ce mata tana da ɗaki Garhanga, ko ba ta taɓa zuwa ba nata na."

Issa na ta fama da Turancinsa, Nyambura na dariya tana dafa ƙirji. Sai ta ɗaga yatsa, alamar a dakata, ta juya wayar ba tare da gargaɗi ba.

Idanunsa a buɗe suke. Ya rame, an aske rabin kan, bakin ya ɗan karkace, amma shi ne, kuma ita yake kallo. Wayar na hannunta, babu wanda za ta miƙa wa, Hamdiya ta ja da baya da gangan. Wuyan Sabuwa ya fara juyawa, ta tsayar da shi da ƙarfi.

"Inna," ya ce. Maganar na fita da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya. "Ina wuni."

"Lahiya lau. Ƙaƙa jiki?"

"Da sauƙi." Ya huta. "Issa ya ba ni labari. Tabon baya. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba." Ya sake hutawa, yana tattara numfashi. "Rigar da tay yi jini, bayan rumbu nib ɓoye ta. Da sahe na ishe ta bisa igiya, an wanke, an ɗunke. Duk shekarun ga, ni na ɗauka Iya ta."

Sabuwa ta gyara riƙon wayar.

"Sa'annan Iya ko kahwar allura ba ta gani," ta ce.

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen fuska ya nufi kunne, shi kuma hannunsa bai yi ƙarfin ɗagawa ba tukuna. Nyambura ta sa auduga ta share masa, ta gyara matashi, ta ja da baya don ta ba su wuri. Sabuwa ta matso da wayar dab da fuskarta, ta ƙura ido.

"Issa," ta ce, "ce mata ta dawo. Ga wani nan ya zubo ta hagu."